Allon da Na Gada a Hannun Baba Yohanna

Masu tasowa da ke shigowa kamfaninmu a Kudenda sukan gan ni da waya a hannu da 'yar jaka a kafaɗa, sai su ce ai Malam Haruna ya huta, aikinsa manna takarda da danna waya. Ba na musu da su. Ni ma haka na ɗauki aikin kafin ya koya mini hankali. Wannan rubutun da hannuna na yi shi, kaɗan-kaɗan, don karatuna na girma ne, sai da na haura arba'in na fara riƙe biro. Ina so wanda zai gaje ni ya karanta kafin ya taɓa allon sanarwa.

Robobi muke yi: bokiti, baho, buta, kujeru. Ni masinja ne. Duk maganar da za ta fito daga ofis zuwa ga ma'aikata, ko daga ma'aikata zuwa ofis, ta hannuna take bi. Kafin ni mutum biyu ne ke riƙe da aikin. Madam Rifkatu tana buga takarda a ofis, Baba Yohanna yana kai ta inda za ta. Ni a lokacin lodin mota nake yi a bakin sito. Da gwiwoyin Baba suka fara ba shi wahala, sai ya roƙi a ba shi ni in zama ƙafafunsa. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya lura ba na gudu kuma ba na tsayawa hira.

Saƙon farko da ya aike ni da shi na wani mai tsaron injin bokiti ne, an ce ya je ofis, matarsa ta bugo waya yaronsu ba lafiya. Na same shi hannunsa a bakin inji yana zaro bokiti mai zafi, na tsaya a bayansa na faɗa masa da ƙarfi. Ya juyo a firgice, saura ƙiris ƙarfen ya kama masa yatsu. Da na koma Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Haruna, saƙo ba ya ruɓewa a minti ɗaya. Ka tsaya inda zai gan ka, ka jira ya janye hannu, sannan ka buɗe baki." Daga baya ya ƙara mini wasu. Direba ba a ba shi saƙon tafiya yana tsakiyar cin abinci. Maganar da ta shafi mutum ɗaya ba a yin ta a gaban biyu. Kuma saƙo bai isa ba sai ka ga fuskar mai shi ta canja.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tsohon keke, da jakar fata da ruwa ba ya shiga, da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi, da wani ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro ana bugawa lokacin canjin aiki. Sai allon sanarwa, wani falankin katako a jikin bango kusa da get, duk ya sha huda kamar rariya.

Manna sanarwa a wurin Baba Yohanna wani biki ne. Zai kafa takarda da ƙusa huɗu, ya ja da baya, ya ciro tabaransa da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya fara mita da babbar murya. "Wannan Rifkatu da ƙananan baƙaƙe kamar kashin ƙuda. Wai me take cewa nan? Daga ranar Litinin. Litinin, to. Litinin mai zuwa ke nan, ba wadda ta wuce ba. Masu aikin safe za su shigo ƙarfe bakwai. Bakwai fa, ba bakwai da rabi ba." Haka zai bi takardar daga sama har ƙasa, yana maimaita rana da lokaci kamar mai gardama da su. Yana yi da safe, ya sake yi lokacin canjin aiki, wai ya manta abin da ya karanta. Ma'aikata suka sa masa suna Rediyon Kudenda.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Malam Garba, mutumin Makera, mai tsaron injin niƙa roba. Duk bokitin da ya fito da aibu wurinsa ake kaiwa ya niƙe a sake narkarwa. Rumfarsa tana can ƙarshen kamfani, shi kaɗai, da auduga a kunne saboda ƙara. Ya girme ni da 'yan shekaru, kuma ya riga kusan kowa zuwa. Kullum da safe sai ya tsaya gaban allo, hannu a goye a baya, yana gyaɗa kai.

"Baba, ka rage murya mana," in ji shi. "Mu ma muna da idanu."

"Idanunka na ganin tuwo ne kawai," in ji Baba. "Ka bar ni in yi karatuna."

"To ka je coci ka yi musu, nan ba a ba ka bagade ba."

"Coci suna biyana da amin. Kai ko na gode ba ka iya ba."

A shekarun nan ban iya karatu ba. Sunana kawai na iya zanawa, kamar yadda ake zana hoto. Amma ban taɓa rasa sanin abin da ke kan allo ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Takardun da nake kaiwa Baba yakan jera mini su a jaka, ya ce ta farko sito, ta biyu direbobi. Bai taɓa ce mini in duba sunan da ke kai ba.

Na shiga ajin manya a wata firamare a Kakuri, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Na ɗauki lokaci. Sai da na shekara biyu kafin in iya karanta sanarwa guda ba tare da na sa yatsa ba. A daidai lokacin Baba ya yi ritaya ya koma ƙauyensu wajen Kafanchan. Bayan 'yan watanni Madam Rifkatu ma ta ajiye aiki. Aka kawo wata Hajiya ta riƙe ofishin ma'aikata, mace mai son tsari, ta kira ni ta ce, "Malam Haruna, aikin ya dawo hannunka. Abin da ka ga ya lalace ka gyara, zan tsaya maka."

Ranar da na fara kwashe allon, na cika kwali guda da takardu. Wata a kan wata, har da sanarwar hutun Kirsimetin da aka ci shekara uku baya. Babu kwanan wata a yawancinsu. Na sa kafinta ya yi sabon allo mai gilashi da kwaɗo, na raba shi gida uku: na aiki, na hutu da albashi, na rasuwa da biki. Na sa doka takarda ba ta wuce mako biyu. Na buɗe guruf a waya ina tura hoton kowace sanarwa. Na kafa akwatin koke. Sannan na kawo abin da na fi alfahari da shi, wato littafin sa hannu. In sanarwa mai muhimmanci ce, sai in zaga kowane sashe a sa hannu an gani, don kada wani ya zo daga baya ya ce bai sani ba. Ba zan ce waɗannan ba su da amfani ba. Rigimar "ba a gaya mini ba" ta ragu sosai, har Hajiya ta yaba mini a gaban manaja.

Abu ɗaya na yar, shi ne karatun nan da babbar murya. Dalilina biyu. Na ɗauka tsufa ne kawai ke sa Baba surutu. Na biyu kuma, karatuna yana da tuntuɓe, ba na son a tsaya ana jin yadda nake haɗa baƙi. Safiyar farko da na rufe gilashi na juya zan tafi, wani ya ce, "Yau ina rediyo?" Na ce, "Rediyo ya yi ritaya. Kowa ya karanta da idonsa." Aka yi dariya. Malam Garba ya fi kowa dariya, har ya ce, "Madalla, Malam Boko, kunnuwanmu sun huta."

Alamu sun zo, ni ne ban duba ba. An taɓa rufe kamfani kwana ɗaya don gyaran janareta, mutum huɗu suka zo da kwanon abincinsu suka tarar da get a kulle. An raba sababbin takalman aiki, wasu ba su zo karɓa ba sai da aka bi su. Na ce sakaci ne. Ƙananan labarai kuwa dama suna yawo baki da baki a wurin mai shayi, shi ya sa giɓin bai fito fili ba.

Sai mugunyar shekara ta zo. Gas ya yi tsada, wuta ba ta samuwa, dillalai suka daina ɗaukar kaya, kujeru suka taru a sito har rufi. Aka kashe rabin injuna, aka raba mu gida biyu, wasu su yi mako guda su huta mako guda. Kowa ya san za a rage mutane. A irin wannan lokacin wurin mai shayi ma shiru yake yi. Wanda ya ji labari sai ya riƙe abinsa, don duk wanda ya faɗi, gurbi ɗaya ya ragu a cikin waɗanda za a kora.

Sanarwar tantancewa ranar Juma'a ta fito daga babban ofis na Legas. Kowane ma'aikaci ya zo ranar Alhamis mai zuwa da katin aiki da hoton fasfo biyu, ko yana makon hutu. Wanda bai zo ba za a ɗauka ya bar aiki da kansa. Na manna ta a tsakiyar allo, na ja mata jan layi, na tura a guruf. Malam Garba ba ya cikin guruf, ƙaramar waya ce da shi mai tocila. Amma bayan an sauko daga masallaci na gan shi tsaye gaban gilashi, hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar kullum. Da yamma na ɗauki littafi na zaga. Na same shi a rumfarsa inji yana ruri. Na tsaya inda zai gan ni, na jira ya janye hannu, kamar yadda aka koya mini. Ya zare auduga ɗaya.

"Malam Garba, ka ga ta allo?"

"Na gani."

"To sa hannu nan."

Ya goge hannu a riga, ya zana sunansa, ya mayar da auduga. Fuskarsa ba ta canja ba. Mutum ya ga takardar da za ta iya raba shi da aikin shekara ashirin, fuskarsa ba ta canja ba, ni kuma na rufe littafi na wuce sashe na gaba. Ranar ce ta ƙarshe a makon aikinsa.

Ranar Alhamis ni nake kiran suna a bakin ofis. Wajen ƙarfe uku na lura bai zo ba. Na kira wayarsa sau biyu, a kashe. Makera ba nisa, da keke ba zai ɗauke ni rabin awa ba. Na ce a raina wataƙila ya samu wani wuri ne, na ci gaba da kiran suna. Washegari aka tura jerin sunaye Legas.

Ranar Litinin ya zo da kwanon abincinsa, mai gadi ya tare shi a get. Aka kai shi wurin Hajiya, aka kira ni da littafi. Hajiya ta ce, "Malam Garba, me ya hana ka zuwa ranar Alhamis?" Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban samu zuwa ba." Ta buɗe littafin ta juya masa. "Wannan hannunka ne?" Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Hannuna ne." Ta ce to ba ta da abin yi, sunaye sun tafi. Ya ajiye katin aikinsa a kan tebur, ya ɗauki kwanonsa, ya yi mana sallama.

Bayan mako biyu aka aike ni Barnawa in kai wa Madam Rifkatu wasu takardun ritayarta. Ta buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidanta. Ta ba ni kujera da ruwa, tana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Malam Garba na ba ta labari, har na ƙara da cewa abin ya ba ni mamaki, mutum ya gani ya sa hannu kuma ya ƙi zuwa.

Ta ajiye biron da ke hannunta. "Ka karanta a bakin allo?"

"Madam, ai na daina wannan. Yanzu akwai gilashi, akwai guruf."

"Haruna, tun yaushe ka daina?"

"Tun da aka miƙa mini allon."

Ta ce, "Kai a zatonka Baba ba ya gani ne? Mutumin da yake karanta mini rubutun jikin kwalbar magani ba tabarau? Ni kuma da yake zagi kullum kan ƙananan baƙaƙe, ka taɓa ganin na buga sanarwa da ƙananan baƙaƙe? Shiri muka yi. Ya ce babba da iyali ba zai taɓa buɗe baki ya ce a karanta masa ba, gara ya rasa abin. Shi ya sa ya mai da kansa abin dariya, don mutum ya ji ba tare da ya roƙa ba. Yana da mutum goma sha ɗaya a kansa, bai taɓa rubuta sunansu ba, bai taɓa faɗa wa ofis ba. In bai ga ɗaya daga cikinsu a bakin allo ba, sai ya sake karatun lokacin canjin aiki."

Na ce, "Malam Garba yana ciki?"

"Shi ne na farko." Ta miƙo mini takardun da ta sa wa hannu. "Kai ne na huɗu. Na ɗauka ya gaya maka kafin ya tafi. Shi kuma ina jin ya ɗauka kai ba sai an gaya maka ba."

Daga Barnawa ban koma kamfani ba, Makera na nufa. Na yi tambaya aka nuna mini shi a bakin kasuwa, yana taya wani mai injin markaɗe gyara bel. Ya gan ni ya ce, "Malam Boko, an aiko ka ka kore ni daga nan ma?" Na ce ina son magana. Muka koma gefe, bayan wani shago, inda ba kowa.

Na ce, "Malam Garba, ni ma sai da na haura arba'in na iya. Shekarun da muka yi tare a gaban allon nan, ni ma Baba nake saurare."

Ya ciro tsumma yana goge baƙin mai daga yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ka ba ni izini in je in faɗa wa Hajiya gaskiya. In ta san dalili za ta rubuta Legas."

"Wace gaskiyar?"

"Cewa ba ka san abin da ke cikin takardar ba."

"'Yata ta biyu tana koyarwa a makaranta," in ji shi. "Surukina akawu ne. A masallacin unguwarmu ni ake ba wa takardar gayyata in riƙe." Ya ninke tsumman ya sa a aljihu. "In za ka je, ka gaya mata kai ne ba ka faɗa ba. Kada ka gaya mata ni ne ban karanta ba."

Haka na yi. Washegari na shiga ofishin Hajiya da littafin, na ce sa hannun nan ba hujja ba ne. Na same shi yana kan inji, na miƙa masa biro, ban faɗa masa ko kalma ɗaya daga abin da ke cikin sanarwar ba, kuma na san ranar ce ta ƙarshe a makonsa. Ranar Alhamis na ga bai zo ba, ina da keke, ban je ba.

"Amma tana kan allo, Malam Haruna. An ce ma an gan shi a wurin."

"Hajiya, aikina ba allo ba ne. Aikina saƙo ya isa. Bai isa ba."

Ta daɗe tana kallona. Ban san abin da ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ba ni takardar gargaɗi, aka dakatar da ni mako biyu, kuma a ranar ta rubuta Legas. Takardar gargaɗin ita ce takarda ta farko da aka rubuta da sunana na karanta da kaina tun daga sama har ƙasa.

Da na dawo ban cire gilashin ba, ban rufe guruf ba, ban ajiye littafin ba, amma ba wanda yake sa hannu yanzu sai na faɗa masa abin da ke ciki da bakina, ko da digiri gare shi, don kada a gane wa ake yi dominsa. Kowace sanarwa ina tura ta a guruf da saƙon murya. Kuma ina tsayawa a bakin allo safe da rana ina karantawa. Ni ba sai na yi wasan tabarau ba, tuntuɓena na gaske ne, masu dariya suna samun abin dariya. Cikin sha ɗayan Baba ban san ko su wane ne sauran ba, ban kuma nema ba. Sababbi ma sun shigo, wasu da manyan wayoyi, kuma kada girman waya ya ruɗe ku.

Amsar Legas sai bayan wata huɗu ta zo. Sun ce an rufe lissafin ma'aikata, ba a ƙara suna. Da kasuwa ta ɗan farfaɗo aka sake kunna injin niƙa, sai aka ce shekarun Malam Garba sun wuce na sabon ɗauka, aka ba wani. Abin da Hajiya ta iya yi masa shi ne ta sa shi cikin masu lodin mota a bakin sito, aikin yini, ranar da akwai mota akwai aiki. Aikin da na bari ina da sauran ƙarfi, shi ya kama da furfura. Ya karɓa. Muna gaisawa kowace safiya, yana ce mini Malam Boko, bai taɓa tayar da maganar ba.

Injin niƙan nan tsoho ne, yana da hali. In ya shaƙe, wanda ke kansa ba ya iya shawo kansa, sai a ce a kira Garba. Yakan sauke kujerun da ke kansa, ya tafi can ƙarshen kamfani, ya saurari ƙarar, ya kwance wuƙaƙen ya daidaita, ya goge hannu, ya koma bakin mota. Ba a biyansa wannan. Kuma duk ranar da za a kira shi, ni ake aika.